NEMAN MAGANIN TAƁIN HANKALI: ABIN DA AKA SAMU DA ABIN DA YA RAGE

Duk wanda ya daɗe a Sabon Badun, ko Agege, ko Idi-Araba, ko Sabon Shagamu, da wuya a ce bai taɓa ganin irin wannan al'amari ba. Saurayi ne mai hankali da ladabi, ya zo Kurmi neman abinci, yana taya ubangidansa sayar da goro, ko kuwa yana dako a kasuwa. Ana nan sai a ga ya daina barci, ya janye daga jama'a, yana magana shi kaɗai. In an tambaye shi sai ya ce ana kiran sunansa ta bayan taga, ko ya ce abokan kwanansa sun haɗa baki za su sa masa guba a abinci. Daga nan sai mai gida da dattawan unguwa su zauna, a yi karo-karo, a haɗa shi da ɗan rakiya, a sa shi a mota a mai da shi gida. Sau da yawa labarin da ke biyo baya shi ne an sa shi a turu.

Alhali kuwa motar da ta ɗauke shi ta baro manyan asibitocin wannan ciwo guda biyu a baya, watau na Yaba a Ikko, da na Aro a Abekuta. Saboda haka ya kamata masu karatu su san inda aka kwana game da maganin wannan ciwo, da abin da yake iyawa, da abin da ya gagare shi, da kuma ƙoƙarin da masana ke yi na samo wanda ya fi shi.

WANE IRIN CIWO NE?

Taɓin hankali iri-iri ne. Wanda ake magana a kansa a nan likitoci suna kiransa sikizofiriniya, sunan da wani likitan ƙasar Suwizalan, Eugen Bleuler, ya raɗa masa cikin shekarar 1908. Bisa ƙididdigar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a 2022, wajen mutum miliyan 24 ke fama da shi a duniya, watau mutum 1 cikin kowane 300. Yakan fara ne daga ƙarshen ƙuruciya zuwa wajen shekara talatin, kuma yana kama maza da wuri fiye da mata. Akwai gado a cikinsa, kuma shan wiwi tun da ƙuruciya yana ƙara hatsarin kamuwa da shi.

Alamunsa kashi uku ne. Na farko shi ne wanda kowa ke gani: jin muryoyin da babu su, da zargin mutane ba gaira ba dalili, da maganar da ba ta da kai ba ta da gindi. Na biyu shi ne mutuwar zuciya, inda mutum zai zauna wuri guda, ba ya sha'awar wanka ko aiki ko hira, har a riƙa ce masa malalaci. Na uku kuwa raunin tunani ne, mutum ya kasa riƙe lissafi, ya kasa tsara abin da zai yi gobe. Ya kamata a riƙe wannan rabe-rabe, domin a kansa ne duk labarin maganin ya rataya.

YADDA AKA YI TUNTUƁE DA MAGANI

Kafin 1950 babu wani maganin kirki a asibitocin Turai da Amurka. Tsare mutane kawai ake yi, ko a yi musu jiyya da lantarki, ko ma a huda ƙwaƙwalwa. A ƙarshen 1950 wani masanin haɗa magunguna na kamfanin Rhône-Poulenc a Faransa, mai suna Paul Charpentier, ya haɗa wani sinadari ba da nufin maganin hauka ba. Wani likitan fiɗa, Henri Laborit, ya gwada shi ga waɗanda za a yi wa aiki, ya lura cewa yana kwantar musu da hankali ba tare da ya sumar da su ba. Sai ya ba likitocin ƙwaƙwalwa shawara su jarraba. A 1952 Jean Delay da Pierre Deniker suka ba marasa lafiya a asibitin Sainte-Anne na birnin Faris, sai ga mutanen da suka shekara suna ihu sun natsu, waɗansu har an sallame su sun koma gida. Wannan shi ne maganin da aka sani da sunan Largactil, wanda har yanzu ake ba da shi a asibitocin Nijeriya. A 1958 kuma Paul Janssen na ƙasar Beljiyam ya fito da Haldol, wanda ya fi shi ƙarfi.

Abin sha'awa shi ne masu maganin gargajiya na ƙasar Yarbawa sun riga Turawa sanin wani abu makamancin wannan. Suna jiƙa saiwar wani itace da suke kira asofeyeje su ba mai taɓin hankali, ya yi barci ya natsu. Wani likita ɗan Kanada, Raymond Prince, wanda ya yi aiki a Aro, ya rubuta bayanin haka a 1960. Ɗan'uwan wannan itace da ke tsirowa a Indiya shi ne wanda kamfanin Ciba ya tace a 1952 ya fitar da maganin risafin. An yi amfani da shi na ɗan lokaci, sa'an nan aka bar shi saboda yana kawo jiri da matsanancin baƙin ciki.

A daidai wannan lokaci ne Dokta Thomas Adeoye Lambo, haifaffen Abekuta, ya dawo daga Ingila a 1954 ya kama aiki a Aro. Maimakon ya kulle marasa lafiya, sai ya shirya da mutanen ƙauyukan da ke kewaye, aka riƙa saukar da majiyyaci tare da ɗan'uwansa a gidajen mutane, da safe ya je asibiti ya karɓi magani, da yamma ya koma cikin jama'a. Ya kuma jawo masu maganin gargajiya a jika. Wannan tsari ya yi suna a duniya, Lambo kuwa daga baya ya zama Mataimakin Babban Darektan Hukumar Lafiya ta Duniya daga 1973 zuwa 1988.

ƘOFA ƊAYA TAK

An daɗe ana ba da waɗannan magunguna kafin a gane yadda suke aiki. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suna aika wa juna saƙo ta hanyar waɗansu sinadarai, kowane sinadari kuma yana da irin ƙofar da yake shiga, kamar yadda kowane mabuɗi yake da kwaɗonsa. Ɗaya daga cikin sinadaran nan shi ne dofamin, wanda aikinsa ya haɗa da nuna wa mutum abin da ya kamata ya mai da hankali a kai. In ya yi yawa a wani sashe na ƙwaƙwalwa, sai abin da ba kome ba ya zama babban al'amari: tarin maƙwabci ya zama ishara, kallon ɗan acaɓa ya zama shirin kisa.

Arvid Carlsson na ƙasar Suwidin shi ya fara nuna, a 1963, cewa magungunan nan toshe ƙofar dofamin suke yi, kuma ya sami lambar Nobel a shekarar 2000. A tsakiyar shekarun 1970 masana a Kanada da Amurka suka tabbatar cewa gwargwadon yadda magani ke kama wannan ƙofa, gwargwadon ƙarfinsa ke nan.

To, a nan ne gizo ke saƙar. Dofamin ɗin nan shi ne kuma ke daidaita motsin jiki. Saboda haka in aka toshe shi da yawa sai jiki ya sandare, hannu ya kama rawa, miyau ya riƙa zuba, mutum ya riƙa tafiya kamar an ɗaure shi. Waɗansu wuyansu kan murɗe, idonsu ya juye sama. In an shekara da shekaru ana sha, waɗansu bakinsu da harshensu kan riƙa motsi da kansu. Domin rage sandarewar ne likita kan haɗa da Artane, wanda wani irinsa, Exol, matasa suka mayar kayan maye, suka ɓata masa suna.

Matsala ta biyu ita ce magungunan sun fi tasiri ne a kan alamun kashi na farko. Suna kashe muryoyi da zargi, amma mutuwar zuciya da raunin tunani ba su cika taɓa su ba, kuma su ne ke hana mutum komawa sana'arsa. Ta uku kuwa, wajen mutum 1 cikin 3 ba sa samun sauƙin kirki ko da an canza musu magani sau biyu.

MAGANIN DA AKA KORA AKA DAWO DA SHI

Domin irin waɗannan da ciwonsu ya ƙi jin magani, akwai guda ɗaya da ya yi fice, watau kilozafin, wanda ake sayarwa da sunan Clozaril. Kamfanin Wander na Suwizalan ya haɗa shi tun 1958. Amma a 1975 aka sami mutum 16 a ƙasar Finlan waɗanda maganin ya cinye musu fararen ƙwayoyin jini, masu tsare jiki daga cututtuka, 8 daga cikinsu suka mutu. Nan da nan ƙasashe da yawa suka janye shi.

Sai a 1988 wani likita a Amurka, John Kane, da abokan aikinsa suka gwada shi ga mutum 268 waɗanda sauran magunguna suka gaza a kansu. Cikin mako shida, kashi 30 cikin 100 na waɗanda aka ba kilozafin suka sami sauƙi, alhali na masu shan Largactil kashi 4 ne kawai. Da haka aka dawo da shi, bisa sharaɗin a riƙa auna jini a kai a kai, tun da yake wajen mutum 1 cikin 100 ne wannan illa ke kamawa. Daga baya aka gano yana rage yunƙurin kashe kai. Har yau ba a sami wanda ya kai shi ba wajen ciwon da ya gagara.

Akwai abin da ya shafi baƙar fata musamman a nan. Mutane da yawa na Afirka ta Yamma an haife su ne da adadin fararen ƙwayoyin jini ƙasa da na Turawa, kuma lafiyarsu ƙalau. Da yake da jinin Turawa aka tsara ma'aunin, an daɗe ana hana baƙaƙe wannan magani a Turai da Amurka a kan kuskure. A 2015 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta gyara ma'aunin, a 2025 kuma ta ɗage dokar da ta ce sai an nuna sakamakon jini kafin kantin magani ya bayar, ko da yake har yanzu likitoci suna bukatar a riƙa aunawa.

SABABBI SUN FI TSOFAFFI?

Ganin nasarar kilozafin, kamfanoni suka shiga tseren kwaikwayonsa. Risperdal ya fito a 1993, Zyprexa a 1996, Abilify a 2002. Aka yi ta yi musu talla, aka kuma sa musu tsada. Lalle ba sa sandarar da jiki kamar na da, amma waɗansu, musamman Zyprexa, suna sa ƙiba ƙwarai, suna kuma jawo ciwon sukari.

Gwamnatin Amurka ta ɗauki nauyin wani babban gwaji domin a raba gardama, aka buga sakamakonsa a 2005. An bi mutum kusan 1,500 har wata 18. Abin da aka gani ya ba da mamaki: wani tsohon magani mai araha ya yi kusan kunnen doki da yawancin sababbin, sa'an nan kashi 74 cikin 100 na marasa lafiyar sun bar maganin da aka fara ba su kafin wa'adin ya cika, waɗansu don bai yi musu ba, waɗansu don illarsa. Ashe sababbin ma ƙofar dofamin ɗin nan suke ƙwanƙwasawa.

Me ya sa abin ya yi wuya haka? Babu awon jini ko hoton da ke nuna ciwon, sai dai likita ya saurari majiyyaci da danginsa. Ɓeran da ake gwada magani a kansa ba zai iya faɗin ko yana jin muryoyi ba. Bugu da ƙari, wani babban bincike na 2022 ya gano wurare 287 a cikin ƙwayoyin gadon ɗan Adam da ke da hannu a ciwon, kowanne da ɗan kaɗan nasa. Watau babu wata jijiya guda da za a kama a ce ga tushen.

AN BUƊE ƘOFA TA BIYU

Ran 26 ga Satumba, 2024, hukumar magunguna ta Amurka ta amince da wani magani mai suna Cobenfy, wanda shi ne na farko cikin shekara fiye da 70 da bai toshe ƙofar dofamin ba. Labarinsa ma na tuntuɓe ne. Mutanen Asiya suna da wani ɗan itace da suke tauna kamar yadda ake cin goro, daga sinadarin da ke cikinsa ne masana suka kwaikwayi wani magani, zanomelin. Kamfanin Eli Lilly ya gwada shi a shekarun 1990 ga tsofaffi masu ciwon mantuwa, sai aka lura yana rage musu ruɗewa da gane-gane. Amma yana sa amai da gumi da gudawa har mutane suka riƙa gudunsa, aka ajiye shi.

Wani ƙaramin kamfani, Karuna, wanda aka kafa a 2009, shi ya zo da dabara. Ya haɗa zanomelin da wani tsohon maganin mafitsara, turosfiyum, wanda ke kashe tasirinsa a ciki da hanji amma ba ya iya ƙetarawa cikin ƙwaƙwalwa. Zanomelin yana shiga ta ƙofar wani sinadari dabam, asetilkolin, daga can yake rage fitar dofamin a inda ya yi yawa. A gwaje-gwajen mako biyar da aka yi, ya rage alamun ciwon fiye da ƙwayar da ba magani a cikinta, ba tare da sandarewar jiki ko ƙiba mai yawa ba. Kamfanin Bristol Myers Squibb ya saye Karuna a kan dala biliyan 14.

Duk da haka bai kamata a yi saurin guɗa ba. Yana sa tashin zuciya da taurin bayan gida, kuma bai dace da mai ciwon hanta ko mai wahalar fitsari ba. A watan Afrilu na 2025 aka sanar cewa gwajin ɗora shi a kan waɗansu magunguna, domin waɗanda ba su gama samun sauƙi ba, bai kai ga abin da aka sa rai ba. Wani ɗan'uwansa da kamfanin AbbVie ya kashe dala biliyan 8.7 wajen sayen masu shi ya faɗi gwaji a Nuwamba 2024. Ga kuma kuɗi: an sa wa Cobenfy dala 1,850 a wata lokacin da ya fito, watau kusan naira miliyan 3 a canjin lokacin. Ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, wanda aka tsayar a 2024, sai ya tara albashinsa na fiye da shekara uku kafin ya sayi na wata guda.

ABIN DA KE HANNU

Saboda haka ga mazauna Kurmi, maganar da ta fi kusa ita ce ta maganin da ke akwai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da kashi biyu cikin uku na masu irin wannan ciwo a duniya ba sa samun kulawar ƙwararru. A Nijeriya, ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta yi kuka a 2022 cewa ba su kai 300 ba a ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200. Yawancin waɗanda ke turu ba maganin ne ya gaza a kansu ba, ba a taɓa ba su shi ba ne, ko kuwa an fara an bari.

Bari kuwa shi ne babban abin da ke mai da hannun agogo baya. Wani nazari da aka buga a 2012, wanda ya tattara gwaje-gwaje 65, ya nuna cewa cikin shekara guda ciwon ya tashi wa kashi 64 cikin 100 na waɗanda aka cire wa magani, alhali na waɗanda suka ci gaba da sha kashi 27 ne. Mutum yakan ga ya warke ya daina, ko kuɗi su yanke, ko illar maganin ta ishe shi. In illa ce, a koma wa likita, domin yana iya rage awo ko ya canza wani, tun da abin da ya karɓi wani ba lalle ya karɓi wani ba. In mantuwa ce ko yawan tafiye-tafiye, kamar na direbobi da fatake, akwai allura irin su Modecate da ake yi sau ɗaya a mako biyu zuwa huɗu. In kuwa an sha iri biyu yadda ya kamata ba a ga sauƙi ba, dangi suna iya tambayar likita batun kilozafin. Kuma likitoci sun tabbatar cewa gwargwadon daɗewar da aka yi ba a fara magani ba, gwargwadon wuyar komawar mutum yadda yake a da.

Zuwa asibiti bai hana addu'a ba. Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Badun ya jagoranci wani gwaji a Badun da Kumasi ta ƙasar Gana, wanda aka buga a 2020, inda ma'aikatan ƙananan asibitoci suka riƙa kai ziyara da magani wuraren masu maganin gargajiya da na addini. Cikin mutum fiye da 300 da aka bi, waɗanda aka yi wa wannan haɗin gwiwa sun fi samun sauƙi bayan wata shida. Ta fuskar doka kuma, a Janairu 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma amince cewa majiyyaci yana da haƙƙin a yi masa magani ba tare da wulaƙanci ko azaba ba.

Bayan Yaba da Aro, Gwamnatin Tarayya tana da irin waɗannan asibitoci a Uselu ta Binin, da Inugu, da Kalaba, ga kuma sashen ƙwaƙwalwa a asibitocin koyarwa kamar na Badun da na Idi-Araba. In ma ya zama dole a mai da mara lafiya gida, to, a fara kai shi likita ya gan shi, a tafi da magani da takardar bayani, a kuma ɗora wa wani ɗan'uwa alhakin kai shi asibitin Kaduna, ko Dawanau a Kano, ko Kware a Sakkwato, ko Maiduguri kafin maganin ya ƙare. Sarakunan Hausawa da masu unguwa da shugabannin kasuwa, waɗanda a gabansu ake yanke shawarar a sa shi a mota, su ne suka fi kowa ikon cewa a bi ta asibiti tukuna. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya ba masu jinya haƙuri.